Mutunci Madara Ne? Tsokaci a Kan Suturar Tsoho Mai Ɗauke da Robar Fitsari

Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da Bahaushe yake ji da su, da wuya a sami wadda ta kai "sutura" faɗin ma'ana. Tufar da mutum ya sa a jikinsa sutura ce. Rufin asirin da mai ƙaramin ƙarfi yake samu, har maƙwabta ba su san ya kwana da yunwa ba, shi ma sutura ne. Haka kuma idan mutum ya cika, aka wanke shi, aka sa shi a likkafani, aka kai shi makwancinsa, sai a ce an yi masa sutura. Ke nan tun daga zanen goyo har zuwa likkafani, rayuwar ɗan Adam a wurin Bahaushe tafiya ce a cikin rufi.

Wannan maƙala za ta ɗauki wannan kalma ta kai ta inda ba ta saba zuwa ba, watau gidajen kula da tsofaffi na Amurka da Birtaniya. A waɗannan gidaje akan sami tsofaffin da ciwo ya sa dole a sa musu roba da jaka domin fitar da fitsari ko bahaya. Tambayar da za mu bi sawunta ita ce: idan jiki ya kasa riƙe abin da ya saba riƙewa, har abin da ke ɓoye a ciki ya fito fili a cikin jaka, shin mutuncin mai jikin ya ragu? In bai ragu ba, wa ke da alhakin suturta shi, kuma ta wace hanya? Mai karatu yana iya ganin cewa maganar ƙyallen da za a rufe jaka da shi ba ta kai a kira ta falsafa ba. Amma a irin waɗannan ƙananan abubuwa ne ake gane ko manyan kalmomin da muke furtawa suna da nauyi ko kuwa holoƙo ne.

Robar da Jakarta

Ya kamata mu fara sanin abin da muke magana a kai. Robar fitsari siririn bututu ne mai laushi da ake zurawa har cikin mafitsara. A bakinta na ciki akwai 'yar balan-balan da ake cika wa ruwa kimanin mililita 10 domin kada robar ta zame. Wani likitan Amurka mai suna Frederic Foley ne ya tsara ta a shekarun 1930, kuma sunansa take amsawa har yau a asibitoci. Akan sa ta ga dattijon da kumburi ya toshe masa hanyar fitsari, ko wanda rauni a laka ya hana mafitsararsa aiki, ko mai gyambon kwanciya wanda jiƙewa za ta hana shi warkewa. Da rana akan haɗa ta da ƙaramar jaka mai cin kimanin rabin lita, a ɗaure a ƙafa ƙarƙashin tufa. Da dare kuwa akan haɗa ta da babba mai cin lita 2, a rataye a gefen gado.

Jakar tana da dokokinta. Dole ta zauna ƙasa da mafitsara domin kada fitsarin ya koma inda ya fito. Ba a barinta ta taɓa ƙasa, ba a barin bututun ya lanƙwashe. Da gangan kuma aka yi ta da roba mai nuna abin da ke ciki, aka zana mata layukan awo, domin ma'aikacin jinya ya ga yawan fitsarin da launinsa, ya gane in akwai jini ko gurɓata ko toshewa. A nan matsalar ta samo asali: abin da likita yake buƙatar gani, shi ne abin da mai shi ya fi ƙin a gani.

Akwai kuma jaka ta biyu, wadda ake mannawa a ciki ga wanda aka yi wa aikin hanji aka buɗe masa wata ƙofa a bangon cikinsa, galibi saboda ciwon daji. Tarihinta abin lura ne. A 1954 wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Denmak, Elise Sørensen, ta ga 'yar'uwarta da aka yi wa irin wannan aiki ta daina shiga mutane saboda tsoron yoyo da wari. Sai ta yi tunanin jakar da za ta manne da fata, a yi amfani da ita a jefar. Daga wannan tunani kamfanin Coloplast ya kafu a 1957. Watau tun asali, neman sutura ne ya haifi jakar. An yi ta ne domin mai ita ya koma cikin jama'a da fuskarsa a sake. Abin takaici ne ƙwarai a wayi gari abin da aka ƙirƙira don rufin asiri ya zama shi ne mai tona shi.

Gidan da Ba Gida Ba

Yaya hakan ke faruwa? A gidansa na kansa, mutum shi ke da ƙofa, shi ke da labule, shi ke cewa wane ya shigo, wane ya dakata. A gidan kula da tsofaffi kuwa, ɗakin kwanansa wurin aikin wasu ne. Masanin zamantakewa Erving Goffman, a littafinsa Asylums na 1961, ya yi nazarin wuraren da mutane suke barci da ci da hutawa duk a ƙarƙashin hukuma ɗaya da jadawali ɗaya. Ya nuna cewa a irin waɗannan wurare akan tuɓe wa mutum kamanninsa sannu a hankali, ta hanyar keta iyakar da ya saba sawa tsakanin jikinsa da idon jama'a. Ba lallai ne a yi haka da mugunta ba. Sau da yawa sabo ne da gaggawa.

Alal misali, a turo tsoho a keken guragu zuwa ɗakin cin abinci, jakarsa tana reto a gefe, rabinta cike, kowa yana kallo. Ko a rataye jakar dare a ɓangaren gadon da ke fuskantar ƙofa, ƙofar kuma a buɗe, masu ziyara suna wucewa. Ko ma'aikaciya ta ɗaga murya daga wannan ƙarshen baranda zuwa wancan tana tambayar ko an zubar da jakar mai ɗaki na bakwai. Ko a manna takarda a saman gado mai bayyana ciwon mutum ga duk wanda ya shigo. Babu duka a nan, babu zagi, amma duk wanda ya taɓa jin kunya ya san abin da aka yi.

Hukumomi sun lura da wannan. A Amurka, bayan wani rahoto na 1986 da ya bayyana halin da gidajen tsofaffi suke ciki, majalisar ƙasar ta yi dokar gyara su a 1987, wadda ta tabbatar wa mazauna haƙƙin mutunci da na sirri. A gyaran da aka yi wa littafin jagoran masu duba gidajen a 2009, an ambaci barin jakar fitsari a buɗe a cikin ayyukan da ke ƙasƙanta mazauni, tare da tsayawa a kansa ana ba shi abinci da kiransa da laƙabin lalurarsa maimakon sunansa. A Ingila ma, gwamnati ta ƙaddamar da yekuwar kare mutunci a wuraren jinya a 2006, sa'annan ƙa'ida ta 10 ta dokokin 2014 ta wajabta wa gidajen kula da mutane kiyaye mutunci da sirrin waɗanda suke hannunsu. To amma doka tana faɗin abin da za a yi ne kawai. Dalilin yinsa kuwa, sai an nemo shi a wani wuri.

Ƙwaryar Tana Hannun Wa?

Masu iya magana kan ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Idan muka ɗauki karin maganar a gurguje, sai mu ce tsohon da fitsarinsa ya fito fili nasa ya riga ya zube, saura haƙuri. Amma harshen Hausa da kansa bai yarda da wannan fassara ba, kuma yana da kyau ɗaliban harshe su lura da yadda ya ƙi ta.

Da farko, kalmar "mutunci" daga "mutum" aka samo ta, kamar yadda aka sami "shugabanci" daga "shugaba". Asalin ma'anarta ke nan kasancewa mutum. Wannan ya yi kusa da abin da masanin falsafar nan na Jamus, Immanuel Kant, ya bayyana a 1785, cewa abubuwan duniya iri biyu ne: masu farashi, waɗanda ake iya musanya su da makamantansu, da kuma wanda ya fi ƙarfin farashi domin ba shi da madadi, watau ɗan Adam. Mutunci a wannan ma'ana ba a mafitsara yake zaune ba, balle ya fita ta roba.

Na biyu, Hausa ta bambanta "zubar da mutunci" da "cin mutunci". Zubarwa aikin mai shi ne: ya yi ƙarya, ya ci amana, ya yi abin kunya da zaɓinsa. Ci kuwa aikin wani ne a kansa. Tsohon da ciwo ya kama bai aikata kome ba, saboda haka bai zubar da kome ba. Abin da ya rage shi ne a ci masa, ko a kare masa. Madarar tana nan ba ta zube ba, sai dai ƙwaryar ce ta bar hannunsa ta koma hannun wani. Wani abin mamaki kuma, wanda ya ci mutuncin wani shi Bahaushe yake kira marar mutunci. Harshen ya mayar da asarar kan mai aikin. Idan aka bar jakar dattijo a buɗe a gaban baƙi, to akwai wanda mutuncinsa ya ragu a ɗakin, amma ba mai jakar ba ne.

Ba banza ba A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe wadda aka buga a 1974, ya jera mutunci tare da kunya da amana a cikin halaye goma da ya lissafa. A maganar da muke yi, ukun nan igiya ɗaya ce. Kunya ita ce ta sa mutum yake tsare jikinsa. Idan ƙarfinsa ya ƙare, tsaron ya zama amana a hannun mai jinyarsa. Yadda aka riƙe amanar kuwa shi ne ma'aunin mutuncin mai riƙon.

Hujjojin Masu Ja

Ba kowa ne zai yarda da wannan ba, kuma masu ja suna da hujjojin da suka cancanci amsa.

Hujja ta farko ita ce ta Ruth Macklin, masaniyar ɗa'ar aikin likita a Amurka, wadda a 2003 ta rubuta a wata mujallar likitoci ta Birtaniya cewa kalmar mutunci ba ta da amfani a fagen jinya, domin ba ta ƙara kome a kan girmama zaɓin majiyyaci. A bisa wannan ra'ayi, a tambayi tsoho abin da yake so, a yi masa, magana ta ƙare. Akwai gaskiya a ciki, kuma za mu dawo gare ta. Amma da yawa daga mazauna waɗannan gidaje gigin tsufa ya kama su. Wasu ba su san akwai jaka a jikinsu ba, balle su damu da wanda ya gan ta. Idan zaɓi shi ne kome, to wanda ba ya iya zaɓi ba shi da abin da za a kare masa, kuma zuciya ba ta amincewa da haka. A ƙaddara wata tsohuwar malamar makaranta ce, wadda ta yi shekara arba'in ba ta taɓa tsayawa gaban aji da tufa a yamutse ba. Yau ba ta gane 'ya'yanta. Shin matar da ta kasance ta gushe ne? Rayuwar mutum ɗaya ce daga farkonta har ƙarshenta, kuma abin da ya tsare wa kansa lokacin da yake iyawa wasiyya ce ga waɗanda suka karɓe shi lokacin da ya kasa. Mu da muke suturta mamaci, muke taƙaita masu wankansa, muke hana su faɗin abin da suka gani, mun riga mun san cewa sutura ba ta jiran sai mai ita ya san ana yi masa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko kaifi. Mai ita zai ce: rufe jakar ai tabbatarwa ne cewa abin kunya ce. Me ya sa ba za a koya wa jama'a su daina ƙyamarta ba, kamar yadda ba a ƙyamar tabarau ko sandar dogarawa? Lallai a 'yan shekarun nan an ga masu jakar ciki a Turai da Amurka suna nuna ta a fili da gangan, domin su karya ƙyamar, kuma sun kyauta. Sai dai akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya buɗe da kansa da wanda aka buɗe. Na farko ya yi amfani da ikonsa ne, na biyu an ƙwace masa. A nan gaskiyar Macklin take: ga wanda hankalinsa yake tare da shi, nasa ne ya ce a rufe ko a bari, ya zaɓi jakar ƙafa ko wata, ya ce mace yake so ta taimake shi ko namiji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amfanin ƙyallen shi ne ya mayar wa mutum ikon da kowane baligi yake da shi, na zaɓen wanda zai san sirrin jikinsa. Inda ba a san zaɓinsa ba, sai a rufe, domin wanda aka rufe yana iya buɗewa daga baya, amma abin da ido ya riga ya gani ba ya komawa.

Hujja ta uku daga likitoci take, kuma ita ce mafi haɗari in aka yi watsi da ita. Abin da aka rufe akan manta da shi. Jakar da ke cikin kyakkyawan ƙyalle tana iya cika ta yi maƙil, bututun yana iya toshewa, jini yana iya bayyana, ba wanda ya gani. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa kowace rana da roba ta ƙara a jiki, haɗarin shigar ƙwayoyin cuta yana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin 100, kuma ga tsoho mai rauni irin wannan cuta tana iya shiga jini ta yi kisa. Saboda haka suturar da ta hana dubawa sakaci ne da aka yi wa ado. Rufi na gaskiya fuska biyu gare shi: a rufe ga mai wucewa, a buɗe ga mai jinya a kan kari, a bayan labule. Bugu da ƙari, babban cin mutunci a wannan fage shi ne a sa wa mutum roba ba don ciwonsa ya buƙata ba, sai don a huta da canza masa zanen gado. Shi ya sa ƙa'idojin Amurka suka hana sa ta sai da dalilin likita. Wani lokaci suturar da ta fi kowace ita ce a tambaya ko lokacin cire robar ya yi.

Ido da Harshe da Hannu

Idan muka tattara, amanar da ke kan mai jinya ta ratsa gaɓoɓi uku. Amanar ido ita ce a ƙwanƙwasa ƙofa a jira amsa, a ja labule, a rataye jaka a ɓangaren da ba ya kallon ƙofa, a zubar da ita kafin lokacin abinci da na baƙi. Amanar harshe ita ce a kira mutum da sunan da yake so, a rage murya, kada a yi zancensa a kansa kamar ba ya nan, kada kuma labarin jikinsa ya zama abin hira a wajen aiki; ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amanar hannu ita ce a faɗa masa abin da za a yi kafin a taɓa shi, a buɗe iyakar wurin da aiki ya shafa, a kuma kiyaye fuska, domin tsoho yana karanta ƙyama a fuskar mai taimakonsa tun kafin a yi magana.

Adalci ne kuma a faɗi cewa duk waɗannan lokaci suke ci, lokaci kuwa kuɗi ne. Ma'aikaciya ɗaya da aka bar wa tsofaffi masu yawa a dare ɗaya ba za ta iya tsayawa jiran amsa a kowace ƙofa ba. Binciken da Robert Francis ya jagoranta kan asibitin Stafford a Ingila, wanda rahotonsa ya fito a 2013 da shawarwari 290, ya nuna yadda aka riƙa barin majiyyata cikin ƙazantarsu a inda hukuma ta fifita lissafin kuɗi ta rage ma'aikata. Asibiti ne ba gidan tsofaffi ba, amma darasin ɗaya ne. Amanar ba ta tsaya kan mai riƙe da jaka ba. Ta hau har kan mai tsara kasafi.

Kammalawa

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen mutanen nesa ne. Daga 2022 zuwa 2025, lokacin da Birtaniya ta buɗe ƙofar ɗaukar masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, 'yan Nijeriya suna cikin waɗanda suka fi yawan tafiya, saboda haka hannuwan da ke ɗaure waɗannan jakunkuna a yau wasunsu namu ne. A gida kuma, ko da yake yawancin tsofaffinmu a hannun iyalansu suke, robar ba baƙuwa ba ce. Akwai dattawan da ke zama da ita wata da watanni suna jiran aiki, wasunsu har sun daina fita cikin jama'a, akwai kuma matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari a wurare irin su Babbar Ruga a Katsina. Sashe na 34 da na 37 na tsarin mulkin 1999 sun tabbatar wa kowane ɗan ƙasa mutuncinsa da sirrinsa, kuma ba su ware marar lafiya ba. Zama a cikin dangi ma ba ya hana tonon asiri, domin ɗakin da 'yan dubiya suka cika yana iya fin barandar gidan tsofaffi yawan idanu.

Abin da wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, lalurar jiki ba ta rage mutunci, sai dai ta mayar da tsaronsa hannun wasu. Wanda aka damƙa wa wannan tsaro ana binsa abu uku: ya rufe ga jama'a, ya duba a keɓe, ya kuma bar wa mai jikin zaɓinsa muddin yana iyawa. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Mai jan labule a yau, in ya yi tsawon rai, shi ne zai kwanta a bayansa gobe yana sauraron ko za a ƙwanƙwasa kafin a shigo.